Fadan Kaje: Yadda Tsimin Katako Ke Jefa Jarin 'Yan Kasuwa Cikin Hatsari

FADAN KAJE, Jihar Kaduna — A kowace shekara, da zarar hadarin farko ya haɗo daga gabas a cikin watan Maris ko Afrilu, akwai wani ciniki da yakan buɗe a garuruwan kudancin Jihar Kaduna, wanda babu mai fatan ya zama shi ne mai saye a cikinsa. Cinikin kuwa shi ne na kwano da ƙusa da katakon gyaran rufin da iska ta yaye. Masu sayar da kayan gini a Kafanchan da Zonkwa sun san lokacin kamar yadda manomi ya san ranar shuka, haka su ma kafintoci.

Daga cikin gine-ginen da wannan ta'adi ya fi shafa akwai wani iri da ba a cika kula da shi ba, wato garejin da mutum yakan gina da kansa a gefen gidansa ko a bakin hanya. A Fadan Kaje, wadda ke ƙasar Bajju cikin Ƙaramar Hukumar Zangon Kataf, da maƙwabtanta irin su Zonkwa da Madakiya da Kagoro, sunan gareji suna ne kawai. Mota ko a-kori-kura takan kwana a ciki, amma a gefenta akwai buhunan busasshiyar citta da ake jiran farashinta ya tashi, da masara da waken soya, da takin zamani, da siminti, wani lokaci har da injin niƙa da janareta. Sau da yawa abin da ke ƙarƙashin rufin ya ninka kuɗin ginin kansa.

Yadda ake yin irin wannan gini shi ne tushen matsalar. Ba a kiran mai zanen gini, ba a kuma yin lissafin kuɗi daga tushe har zuwa rufi. Mai shi yakan buga bulo bayan kakar bana, ya ɗaga bango bayan ta baɗi, sa'an nan ya iso rufi aljihu ya riga ya yi sanyi. A nan ne yakan yi jinga da kafinta a kan kuɗi dunƙule, aiki da kaya gaba ɗaya, ko kuwa ya sayo kayan da kansa bisa ƙiyasin da ya sa aka rage masa har sau biyu. Ko ta wace hanya aka bi, mai gini da kafinta duk suna da dalilin rage katako, kuma abin da ake fara ragewa shi ne wanda ido ba ya gani bayan an buga kwano. Tsadar kayan gini da ta biyo bayan cire tallafin man fetur da sakin darajar Naira a shekarar 2023 ta daɗa ƙarfafa wannan ɗabi'a, ko da yake ba ita ta haife ta ba.

Mutane da yawa sun ɗauka aikin rufi shi ne ya ɗauki nauyin da ke danna shi ƙasa. A wannan yanki kuwa babban abokin gabar rufin kwano yana jan sa ne zuwa sama. Idan iska mai ƙarfi ta bugi bango ta haura, takan tsotsi rufin kamar yadda take ɗaga fiffiken jirgin sama. Ƙarfin wannan tsotso ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudun iskar: idan gudun ya ninka sau biyu, ƙarfin yakan ninka sau huɗu. Iskar da ke gaban hadarin farkon damina da na ƙarshenta, wadda ke ratsa Afirka ta Yamma daga gabas zuwa yamma, takan kai gudun kilomita 100 a sa'a guda a wasu lokuta, ko da na 'yan daƙiƙoƙi ne.

A irin wannan gudu, ƙarfin iska a kan kowace murabba'in mita ya kusa kilo 50. A ɗauki misalin gareji mai faɗin mita 6 da tsawon mita 9, wanda shi ne matsakaici a wajen ɗan kasuwa mai mota ɗaya da wurin ajiya. Shimfiɗarsa murabba'in mita 54 ce, ke nan abin da ke jan rufin sama zai kai kimanin tan biyu da rabi. Nauyin rufin kansa, kwano da katako duka, da ƙyar ya kai tan ɗaya. Ragowar tan ɗaya da rabi ɗin babu abin da ke riƙe da shi sai ƙusa da langalanga da rodin da aka ɗaure katako da bango.

Gareji yana da wata lalura da ɗakin kwana ba shi da ita, wato babbar ƙofa. Idan ƙofar tana fuskantar inda iska ke fitowa, kuma aka bar ta a buɗe ko iskar ta ɓalle ta, ɗakin yakan cika da iska kamar salka, sai ta riƙa tura rufin daga ciki a daidai lokacin da ake tsotsarsa daga waje. Wannan kan ƙara ƙarfin da rabi ko fiye. Maginan gargajiya a ƙasar Hausa sun daɗe da sanin cewa bangon gabas shi ne ke shan dukan ruwa da iska, shi ya sa suke ba shi kulawa ta musamman. Mai gareji a yau yakan duba inda hanya take ne kawai ya juya ƙofarsa can.

Abin da ke ɗauke da kwanon shi ne jerin firam-firam na katako masu kusurwa uku, waɗanda ake tsayarwa a kan bango ɗaya bayan ɗaya, su ne tsaikon rufin zamani. A garejin da aka yi misali da shi za a buƙaci takwas ko tara, a tazarar kimanin mita 1.2. Siffar kusurwa uku tana da ƙarfi ƙwarai, amma ta fuska ɗaya kawai. Firam ɗin ba ya lanƙwashewa idan an danna shi daga sama, sai dai ta gefe ba shi da bambanci da ƙyauren da aka tsayar ba a jingina shi da kome ba. Siraran katakan da ake gittawa a samansu domin buga kwano suna haɗa su ne kurum, ba sa hana su kwantawa. Idan iska ta tura bangon ƙarshe, sai su tafi tare, kamar baburan da aka jera a bakin kasuwa na farko ya faɗi.

Maganin wannan shi ne tokarin gicciye: katakon da ake bugawa a karkace ta ƙarƙashin rafta, ya taso daga kusurwar gini a kan bango ya haura zuwa ƙololuwar rufi, yana ratsa firam uku ko huɗu, ana kafa masa ƙusa biyu a duk inda ya haɗu da ɗaya. Ana yin sa a ɓangarori biyu na rufin, a kuma kowane ƙarshe na ginin, ta yadda duk inda iska ta fito akwai wanda zai tare ta. Bayansa akwai miƙaƙƙun katakai da ke bin tsawon gini, ɗaya kusa da ƙololuwa, biyu a kan katakan ƙasa na firam ɗin, waɗanda ke ɗaure jerin ya zama abu guda. Wanda ya taɓa ganin yadda ake ɗaura tanka a jikin tsaikon ɗakin ciyawa ya riga ya san hikimar. Kayan aikin ne kawai suka sauya.

Idan aka ƙirga, duk wannan tokari a gareji mai mita 6 da 9 bai wuce katako 20 masu tsawon ƙafa 12 ba, da 'yan kilo na ƙusa da aikin yini ɗaya. Rufin kuwa yana cin bandir uku da rabi zuwa huɗu na kwano, kowane bandir falle 20, ban da katakon firam da na gittawa. Kwanon da iska ta nannaɗe ba ya komawa rufi, sai dai ya zama shingen awaki. Ke nan mai gini yana tsimin katako 20 ne, ya sa bandir huɗu da duk abin da ke ƙarƙashinsu a caca.

Akwai kuma haɗarin lokacin aiki, wanda ba a cika ambatonsa ba. Firam ya fi saurin faɗuwa a ranar da ake ɗora shi, kafin a gama ɗaure shi. Ƙa'ida ita ce a tokare na farko sosai da ƙasa ko da bango, sa'an nan duk wanda aka tsayar a ɗaure shi da na bayansa nan take, kada a tashi aiki da yamma a bar jerin a tsaye da ƙusa ɗai-ɗai. Mai ginin da ya gayyato 'yan'uwa da maƙwabta aikin gayya shi ne ke da alhakin rayukansu a wannan rana.

Tokari yana hana rufi kwantawa, amma ba ya hana shi tashi. Wannan aikin ɗauri ne. Abin da aka saba gani shi ne a zuba linta a saman ƙofa, a ɗora bulo layi biyu ko uku, a saƙala langalanga a ƙarƙashinsu a ɗaure katako da ita. Bulo layi biyu ba su da nauyin da zai riƙe tan ɗaya da rabi, shi ya sa ake ganin rufi ya sauka a gonar maƙwabci da bulo a rataye a jikinsa. Abin da masana gini ke so shi ne a zuba kankare da rodi ya zagaye saman bango gaba ɗaya, a dasa rodi ko langalanga mai kauri a cikinsa tun yana ɗanye, a daidai inda kowane firam zai zauna, sa'an nan a naɗe ƙarfen a kan firam ɗin kansa, ba a kan katakon shimfiɗa kaɗai ba. Ƙusar da aka buga a tsaye tana zarewa cikin sauƙi idan an ja ta ta inda ta shiga. Wadda aka buga ta gefe ta cikin langalanga sai an karya ta.

Wani wurin rauni shi ne mahaɗa. Katakon kasuwa ƙafa 12 ne, wato mita 3.6, faɗin gareji kuwa mita 6, saboda haka dole a yi haɗi a katakon ƙasa na kowane firam, wanda shi ne ke hana bango biyu buɗewa. Haɗin da aka yi baki da baki da ƙusa huɗu ba haɗi ba ne. Sai an yi masa ƙarin katako ta gefe biyu, ya hau sosai, an ɗaure da ƙusa mai noti. Ga shi kuma katakon da ake kira 2 x 4 a kasuwa sau da yawa bai cika awonsa ba, don haka mai saye da ya je da tef ɗinsa bai yi rashin kunya ba.

Ita ma siffar rufin tana da tasiri a kan kuɗi da ƙarko. Rufi mai kwanciya, wanda ake so domin yana cin kwano kaɗan, shi iska ta fi tsotsa. Mai gangara sosai, kamar digiri 25 zuwa 30, ya fi jurewa, kuma mai gangara ta fuska huɗu ya fi mai fuska biyu. Bakin kwanon da ya zarce bango da yawa yana kare bangon daga ruwa, amma yana ba iska wurin kamawa. Iska takan fara ɓamɓarowa ne daga kusurwa da gefe da ƙololuwa, don haka a nan ake matse tazarar ƙusa, a buga a kowane tudu na kwanon, da ƙusa mai hula mai murɗaɗɗen jiki. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya, wato SON, ta sha yin gargaɗi game da siraran kwanukan da ba su cika ma'auni ba. Irinsu ƙusa takan zauna daram, kwanon ya yage ya bar ta.

Ƙasashen da suka fi Nijeriya wadata ma da hasara suka koyi wannan darasi. Guguwar Tracy da ta rushe mafi yawan gidajen birnin Darwin na Ostireliya a Disamban 1974 ita ta sa aka sake dokokin ɗaure rufin kwano a ƙasar. Bayan guguwar Andrew ta 1992 a Jihar Fulorida ta Amurka, bincike ya nuna cewa rashin tokari a ƙarshen rufi da sakacin buga ƙusa suna cikin manyan dalilan rushewar gidaje.

Idan iska takan yi ta'adinta cikin minti biyar, rashin mafitar iska yana yin nasa ne a hankali, kuma ba a cika ɗora masa laifin ba. Kwano a tsakar rana yakan yi zafin da ya haura digiri 60. Da dare kuma yakan yi sanyi fiye da iskar da ke cikin ɗaki, sai tururin da ke ciki ya zama raɓa a bayan kwanon, ya riƙa ɗiga a kan buhuna da katako. Mai gareji yakan ɗauka yoyo ne, ya kira kafinta a nemi huda a rasa. Kudancin Kaduna kuwa wuri ne mai laima. Ruwan da ake samu a kewayen Kafanchan da duwatsun Kagoro ya kai ninki biyu na abin da Katsina ke samu, kuma damina takan ɗauki wata shida zuwa bakwai.

Katakon da laimarsa ta wuce kashi 20 cikin 100 yana fara ruɓewa, gara kuma ta fi son sa. Masara tana buƙatar ta tsaya a kimanin kashi 13 cikin 100 kafin ta ajiyu. Citta da aka tsaga aka shanya da kyau tana iya sake jan laima a ɗakin da ba ya numfashi, ta yi funfuna, launinta ya dushe, mai saye daga Legas ko Kano ya karya mata farashi. Masu fitar da ita waje kuwa suna tsoron gubar afalatoksin da funfuna ke haifarwa. Jihar Kaduna ce kan gaba wajen noman citta a Nijeriya, kuma bayan annobar da ta cinye gonakin Kachia da Jaba da Kagarko da maƙwabtansu a daminar 2023, duk wanda ke da buhu a ajiye ya san darajar abin da yake riƙe da shi. Siminti da takin zamani su ma dunƙulewa suke yi.

Hanyar gyara ba ta da wuya, domin iska mai zafi sama take yi da kanta. Abin da ake bukata shi ne mashiga a ƙasa, wato a ƙarƙashin bakin kwano, da mafita a sama, ko dai a ƙololuwa ta hanyar ɗaga kwanon da ke rufe ta kaɗan, ko a saman bangon ƙarshe ta hanyar bulo mai ƙofofi. Mafita ba tare da mashiga ba aikin banza ce. Dokar gini ta Amurka ta ƙayyade cewa faɗin ƙofofin ya kai kashi ɗaya cikin 150 na shimfiɗar ɗaki, wanda a garejin misalinmu bai wuce murabba'in mita 0.36 ba. Wannan mafi ƙaranci ke nan, kuma a ƙasa mai zafi da laima ninka shi ya fi. Ana rufe ƙofofin da ragar ƙarfe saboda ɓeraye da jemagu, a tuna kuma raga tana rage iskar da ke wucewa. Tsofaffin gine-ginen Reluwe, irin waɗanda suka zo da layin dogo da ya mai da Kafanchan mahaɗa a 1927, an san su da dogon rufi da tagogin iska a sama.

Wasu magina sukan toshe tsakanin bango da kwano da siminti gaba ɗaya, da hujjar kada iska ta sami wurin shiga ta ɗaga rufi. Tsoron nasu yana da tushe, amma sun kama reshe ne. Abin da ke kumbura ɗaki shi ne babbar kafa guda ɗaya a fuskar iska. Ƙananan ƙofofi da aka rarraba a kowane gefe suna barin abin da ya shiga ya fita. Ƙyauren gareji mai ƙarfi da sakata ta ƙwarai, a rufe shi da zarar hadari ya taso, ya fi toshe bakin kwano amfani nesa ba kusa ba.

Wanda ya sa silin kuma ya raba ɗakin gida biyu, kowanne da bukatarsa. Ƙofofin saman silin ba sa fitar da hayaƙin mota ko na janareta, wanda ke ɗauke da iskar kabon monoksaid marar launi marar wari, mai kisa cikin barci. Tururin fetur kuwa ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, sai an bar masa kafa kusa da daɓe. Janareta dai ba shi da wurin zama a cikin rufaffen gareji, kome yawan tagoginsa.

Ta fuskar doka, Nijeriya tana da Kundin Ƙa'idojin Gini na Ƙasa tun 2006, kuma Hukumar Tsara Birane ta Jihar Kaduna, wato KASUPDA, ita ke ba da izinin gini a biranen jihar. Amma gaskiyar magana ita ce babu jami'in da zai hau tsani ya ƙirga tokari a garejin ƙauye. Mai ginin shi ne sufeton kansa. Bai kuma rasa inda zai nemi shawara ba, tun da yankin yana da injiniyoyi da magina masu rajista. A wajen jinga, abin da ya fi kare shi shi ne a rubuta yawan firam da tazararsu da yawan tokari da irin ɗaurin da za a yi, a kuma riƙe wani kaso na kuɗin aiki har sai ya hau ya gani da idonsa kafin a buga falle na farko.

Masu sha'awar inshora su lura cewa takardar inshorar gobara zalla ba ta biyan hasarar guguwa, sai an ƙara sharaɗin da ya haɗa da iska da ambaliya, kuma kayan da ke cikin ɗaki sai an ambace su dabam da ginin.

Saura batun katakon kansa. Ƙirya da maɗaci da kawo, waɗanda kakanni suka dogara da su, sun yi wuya sun yi tsada, azarar giginya ma haka. Kasuwa ta koma ga malaina da sauran fararen katakai masu saurin girma, irin waɗanda ake samu a gandun daji na Nimbia da ke Ƙaramar Hukumar Jema'a da gonakin jama'a. Ba laifi ba ne a yi rufi da su, muddin sun bushe kuma an shafe su da maganin gara na gaskiya, domin baƙin man mota da aka saba shafawa ya fi ba da launi a kan kariya. Ɗanyen katako yana ƙanƙancewa bayan an buga shi, ƙusa ta yi sako-sako, mahaɗa ta buɗe. Waɗanda suka koma ga firam na ƙarfe a wajen masu walda sun tsira daga gara, amma ba su tsira daga tokari da ɗauri ba, siririn bututu kuma yana tsatsa daga ciki.

Saboda haka kafintocin da suka san aikinsu suka fi son a sayi katako a watan Nuwamba ko Disamba, a jera shi a inuwa da 'yan sanduna a tsakani, hunturu ya busar da shi, a ɗora rufi a Janairu ko Fabrairu. Lokacin ya yi daidai da shigowar kuɗin citta da masara. Ga wanda garejinsa ya riga ya tsaya kuwa, ana iya ƙara tokarin gicciye da langalanga daga ciki ba tare da an cire falle ko ɗaya ba, a kuma fasa bulo huɗu ko shida a saman bangon ƙarshe a sa masu ƙofofi, aikin da kafinta da magini za su gama cikin kwana biyu kafin watan Maris ya kama.